Motar da ke tafiya da ruwa: lissafin da bidiyon TikTok ba ya nunawa

Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya ranar 29 ga Mayu, 2023, duk abin da ya yi kama da hanyar rage shan fetur yana samun kasuwa. Shi ya sa bidiyon nan ke ta yawo a TikTok da Facebook: kwalba cike da ruwa, da faifan ƙarfe a ciki, an jona da batirin mota, kumfa na tashi, mai bidiyon na cewa an rabu da gidan mai.

Kumfar gaskiya ce. Idan lantarki ya ratsa ruwa, yakan raba shi gida biyu, iskar haidurojin da oksijin, kuma haidurojin na kamawa da wuta. Matsalar tana wajen lissafi. Ruwa shi ne abin da ke saura bayan haidurojin ya riga ya ƙone, kamar toka bayan itace. Kafin a dawo da shi makamashi, sai an zuba masa ƙarfin da ya fi wanda zai bayar. Manyan na'urorin masana'antu ma na cin kusan yunit 50 na wuta kafin su samar da kilo ɗaya na haidurojin, alhali ƙarfin da ke cikin kilon bai wuce yunit 33 ba.

A mota kuwa, daga ina wutar take zuwa? Daga altaneta. Wa ke juya altaneta? Injin, wanda fetur yake sha. Kamar mai jona power bank da kansa ne yana jiran ya cika.

Wannan tatsuniya ba sabuwa ba ce. A Amurka, Stanley Meyer ya yi iƙirarin ƙera motar ruwa, amma a 1996 wata kotu a jihar Ohio ta same shi da zamba, ta umarce shi ya mayar wa masu zuba jari biyu dala 25,000.

Ga kuma haɗari. Cakuɗen iskar nan biyu tartsatsi kaɗan yake jira ya fashe, kuma kusa da injin mai zafi ake ajiye kwalbar. Sodar da ake zubawa a ruwan tana ƙona fata, tana makantarwa. Gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Motocin haidurojin na gaske suna nan, irin su Toyota Mirai da ta fito a 2014, amma a tasha ake ɗura musu gas ɗin da aka samar a wani wuri.

Bai kamata a kashe wa matashi mai son ƙirƙira gwiwa ba, sai dai basirarsa ta fi amfani a koyon haɗa sola, gyaran batir, ko mayar da mota mai aiki da gas na CNG a hannun ƙwararru. Duk wanda aka tallata wa kwalbar nan, ya fara tambaya: wa ke biyan kuɗin wutar? Banza ba ta kai zomo kasuwa.