Wasiƙa ga ƙannena masu ɗaukar hoto da kyamarar fim



Na ji daɗi da na ga wasunku sun fara zaro tsofaffin kyamarori daga akwatunan iyayensu, suna kakkaɓe musu ƙura, suna neman inda za su sayi fim. Wani na riƙe da Pentax K1000, wani Nikon FM2, wani Olympus OM-1, har na ga mai Zenit ɗin nan ta Tarayyar Sobiyet mai nauyi kamar dutsen guga. Da irinsu muka ci abinci shekara da shekaru, kuma ina so ku ma ku ci moriyarsu. Sai dai hotunan da kuke nuna mini suna da ciwo iri ɗaya: riga ta fito fes, sama ta fito fes, fuskar mai rigar kuwa ta dushe, ido da hanci sun narke cikin duhu. Wannan ciwon ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Laifin yana wurin mitar da ke cikin kyamarar, da kuma yardar da kuka ba ta. Allurar nan da kuke gani tana sama tana ƙasa idan kun kanga ido, an ƙera ta ne a kan cewa duk abin da ke gabanta, idan aka gauraya haskensa da duhunsa, zai tashi ruwan toka matsakaici. Ba ta san fari ba, ba ta san baƙi ba. To ku kawo mata magidanci baƙar fata ranar Sallah, cikin farar shadda mai sheƙi, tsaye a filin idi da hantsi. Farin ya cika mata ido, sai ta ce haske ya yi yawa, a rage. Kun bi ta kun rage, shadda ta koma toka-toka, fuskar da dama ta fi rigar duhu ta faɗa rami. Mai wankin hoto zai yi ta ƙoƙarin ceto ta, amma abin da fim bai kama ba, babu ruwan maganin da zai fito da shi.

Maganin a hannunku yake. Ku matsa kusa har fuskar ta kusa cika madubi ku ga abin da allura ta ce, ku kwatanta da abin da ta ce daga nesa. Ko ku yi abin da na fi yi: ku sa tafin hannunku cikin hasken da ke kan mutumin, ku auna shi, sannan ku buɗe ƙofar haske da mataki ɗaya, wato idan ta ce 11 ku koma 8. Idan farar riga ce ta mamaye hoton, ku ƙara mataki ɗaya ko biyu a kan abin da mita ta faɗa, kada ku ji tsoro. Fim mai launi irin Kodak Gold 200 yana jure ƙarin haske sosai, ƙarancin haske ne ba ya yafewa. Duk lokacin da kuka yi shakka, ku karkata wajen ƙari.

Ina kuma so ku iya aiki ko da batir ya mutu. K1000, wadda aka yi ta ƙerawa daga 1976 har 1997, batirinta mita kaɗai yake ciyarwa, labulenta da zarenta na jan fim duk ba sa buƙatar batir. Haka FM2 da OM-1. Canon AE-1 ce dai idan batir ya ƙare ta kwanta. Ga ƙa'idar da kowane tsohon mai hoto ya haddace: a tsakar rana mai ƙarfi, ƙofa a 16, saurin labule kuma lambar da ta fi kusa da lambar fim ɗinka. Fim 200, sai ka sa 250. Idan hazon hunturu ya rufe rana har inuwa ta yi laushi, sauko 11 ko 8. Ƙarƙashin darbejiya ko cikin rumfa, 5.6 ko 4. Kowane mataki daga 16 zuwa 11 zuwa 8 ninka haske yake yi, kowane mataki daga 125 zuwa 250 zuwa 500 raba shi biyu yake yi. Shi ya sa 16 da 250 daidai suke da 11 da 500, daidai suke da 8 da 1000. Wanda ya riƙe wannan, idan ya je Hawan Daushe a Kano dawakai suka taho a sukwane gaban fada, ba zai tsaya lissafi ba, yatsansa ne zai kai shi 500 ko 1000. Ina ba ku shawara ku riƙa cankar lambar da ka kafin ku duba allura, kullum, har idonku ya goge.

Kada kuma ku tsayar da mutane cikin ranar azahar don kawai haske ya fi yawa a can. Rana a tsakar ka tana zuba inuwa cikin kwarmin ido, hula da rawani su ƙara nasu. Ku kai su bakin zaure, inda haske ke shigowa ta gefe guda. A nan fatarmu take nuna kyanta, goshi da kumatu su ɗauki sheƙi, aikin zare da ke wuyan riga ya fito ɗaya bayan ɗaya. Idan hasken ya yi ƙasa, da lens mai lamba 50 kada ku sauka ƙasa da 60 sai kun jingina da bango ko kun kafa kyamara a kan ƙafa. Haka idan za ku kunna filashi a K1000, 60 ce iyakarta. Kuka wuce, wani sashe na hoton zai fito baƙi ƙirin, domin labulen bai gama buɗewa ba haske ya tashi.

Akwai abin da har yau yake ci mini rai. Ina sabon shiga, aka kira ni wani suna. Na sa fim cikin gaggawa, na rufe, na yi ta ɗauka har lamba ta wuce 36 tana tafiya. Ashe bakin fim bai kama ba, ko hoto ɗaya babu. Kakan jaririn, wanda ya yi tafiya mai nisa don ya halarta, ya rasu kafin shekara ta zagayo, kuma iyalin ba su da hotonsa riƙe da jikansa. Tun ranar, idan na rufe bayan kyamara sai na ɗan juya maɓallin naɗe fim har ya yi tauri, sannan na ja zare ina kallonsa. Idan ya juya, fim na tafiya. Idan bai juya ba, a buɗe a sake. Daƙiƙa biyar ce kawai. Haka idan fim ya ƙare kuka ji zare ya cije, kada ku tilasta shi, ku danna ɗan maɓallin da ke ƙasan kyamara, ku naɗe a hankali har ku ji ya saki.

Ƙasarmu ba ta tausayin kayan aiki. Zafin bazara cikin mota a rufe yana dafa fim, launinsa ya juye. Ƙurar hunturu idan ta shiga, sai ta ja zane tun daga hoton farko har na ƙarshe, don haka ku juya wa iska baya kafin ku buɗe, ku busa da ɗan famfon roba. Kada yatsa ya taɓa madubi ko labule. Da damina fumfuna ke cin lens ɗin da aka kulle a jakar fata mai laima, gara a ajiye shi inda iska ke ratsawa. Soson da ke gefen murfin baya kuma yana ruɓewa da tsufa, shi ne ke jawo jan tabon nan a gefen hoto, kuma sauya shi ba wuya.

Sai batun nagatif. Idan kun kai wanki, ku karɓo shi, kada ku bar shi a shago don an tura muku hotunan a waya. Malick Sidibé na Bamako ya tara nasa cikin kwalaye shekaru da dama, kuma daga cikinsu ne duniya ta ga samarin Mali na shekarun 1960, har aka ba shi babbar lambar girmamawa ta baje kolin Benis a 2007. Namu na Kano da Zariya da Damagaram, da yawa gara ta cinye, wasu an zubar ranar da aka rufe shago. Ku yanka nagatif ɗinku shida-shida, ku sa cikin takarda mai tsabta, ku rubuta rana da gari da sunan taron. A wani ɗan littafi kuma ku rubuta lambar ƙofa da ta labule da kuka sa wa kowane hoto, don idan an wanko ku ɗora shi kusa da littafin ku ga inda kuka dace da inda allura ta ruɗe ku.

Ku gaishe mini da iyayenku da suka adana muku waɗannan kyamarori, ku tambaye su ko akwai sauran nagatif a ƙasan akwatin.

Naku,
Yayanku a sana'a