Kada Ka Sai Da Saniya Don Babur

Ɗan'uwa, kai da ke Tenhiya, saurara. Samari suna cewa: "Sayi babur, ka huta da biyan kuɗin mota zuwa kasuwar Tanut." Maganar da daɗi. Amma ba su gaya maka duka ba.

Babur ba ya cin ciyawa, mai yake sha. Gaskiya ne, tun 2011 ana tace mai a SORAZ, kan hanyar Damagaram zuwa Tanut. A 2024 gwamnati ta rage kuɗin lita zuwa sefa 499, kusan dala 100. Amma wannan kuɗin gidan mai ne. A daji, mai kwalba ke yanka nasa kuɗi. Tuna watan Maris na 2025: mai ya yi wuya, babura suka kwanta.

Rairayin Damargu yana cin sarƙa. Ƙaya tana huda taya. Bakanike yana nesa, kuma ba ya aiki kyauta.

Saniya tana ba ka nono, tana haihuwa. Babur kullum tsufa yake yi. Wanda ya sai da uwar garke don ƙarfe ya rage abincin iyalinsa.

Yanzu ka iya rubutu. Ɗauki alƙalami. Rubuta kuɗin motarka na wata. Rubuta kuɗin mai, baƙin mai, taya, gyara da hular kwano. Ka gwada su. In babur ya fi sauƙi, sai da bijimi ko raguna. In kuwa sau biyu kake cin kasuwa a wata, riƙe saniyarka, ka hau mota.