Kafin a bar jariri da famfon insulin har abada

Jaririn da ciwon sukari ya kama kafin ya cika wata shida yana buƙatar insulin ɗan kaɗan ƙwarai. Alƙalamin allura ba ya ba da ƙasa da rabin ma'auni, alhali famfon insulin na iya ɗiga 0.025 a awa guda. Masu kiran wannan na'ura kayan alatu sun yi kuskure.

Sai dai babban kuskuren shi ne a maƙala wa jariri famfo a ce an gama. A wannan shekarun, ciwon galibi daga sauyin ƙwayar gado guda yake tasowa. Kusan rabin jariran yakan lafa musu cikin watanni, ko da yake yana iya dawowa daga baya. A 2004, masu bincike a Jami'ar Exeter ta Ingila suka nuna cewa sauyi a KCNJ11 na cikin manyan musabbaban nau'in da ba ya lafawa: saifar sukari na ƙera insulin, ƙofar sakinsa ce ta cije. A 2006 aka gwada maganin sha irin glibenclamide kan masu wannan sauyi su 49, 44 suka rabu da insulin.

Glibenclamide tsohon magani ne mai araha. Likitan da ya bar yaro shekaru da bututu a fata bai nemi gwajin ƙwayoyin gado ba ya tauye masa haƙƙi. Iyaye su nemi gwajin tun ranar farko, amma kada su tsayar da insulin sai da umarnin likita.