Fetur Ba Abin Zuƙa Da Baki Ba Ne

Jama'a, shekaranjiya a bakin tasha na ga wani yaro ɗan bumburutu ya kafa baki a tiyo yana zuƙo fetur daga duro. Nan take ya ƙware, ya yi ta tari har idanunsa suka kaɗa. Fetur kaɗan in ya sauka huhu yana iya jawo ciwo mai tsanani. Wanda ya haɗiye shi kuwa, kada a sa shi amai, a garzaya da shi asibiti.

Alhali ga ɗan famfon roba na hannu. A ɗora duron sama da jarka, a matsa kan famfon 'yan lokuta, sai man ya ci gaba da gangarowa da kansa. Amma famfon da ya taɓa fetur, kada uwargida ta kusantar da shi randa.