Ku Bar wa Yaranmu Sumarsu!

Ranar Litinin ɗana ya dawo daga makaranta da hanya a tsakiyar kansa, sai ka ce burtalin shanu. Wani malami ne ya bi shi da almakashi a layin asembili, wai sumarsa ta yi yawa. Sumar da ko tsinken ashana ba za ta ɓoye ba! Ba yadda na iya, na kai shi wurin mai aski aka kwashe sauran ƙwal-kwabo. Washegari ya ɗan makara, aka sa shi durƙuso a tsakar fili har rana ta take. A watan Afrilu fa. A Mubi. Ya shigo gida ido jajur, kai na sara, na dafa ƙwaryar kan nan na ji ta zau kamar murfin tukunya.

Kai ma ka san bazarar garin nan, ba sai na ba ka labari ba: zafi ya doshi maki 40, kogin Yadzaram ya zama yashi, iskar da ke gangarowa daga duwatsu ma kamar daga bakin tanda take fitowa. Leƙa kasuwar shanu da azahar ka gani. Bafulatani da malafarsa, dillali da hularsa, mai turin baro ya naɗe kai da tsumma. Wa ya koya musu? Jiki magayi. Amma yaro ɗan shekara tara, shi ne za a tuɓe wa ɗan rufin da Allah Ya yi masa, a shanya shi kamar kuɓewa.

Suma ba ado ba ce kawai. Idan rana ta tsaya tsaka, tsakar ka take fara duka, gashi kuwa shi ke tare hasken kafin ya isa fata. A 2023 wata masaniya, Tina Lasisi, da abokan aikinta sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi a Jami'ar Loughborough ta Ingila. Suka sa wa mutum-mutumi gashi iri-iri, suka haska masa fitilu masu zafi irin na rana. Kai marar gashi ya fi kowanne ɗaukar zafi. Wanda ya fi kariya kuwa? Gashi mai murɗe sosai, irin namu ɗin nan, domin yana tashi sama da fata ya bar wa iska hanya, har jiki ya rage asarar ruwa ta gumi. Wato abin da ake kashe kuɗi ana bincike a kansa a Turai, shi muke bi da almakashi muna kira ƙazanta.

Abin da ya fi ƙona min rai, mai almakashin nan da hularsa a ka, zanna bukar, an karya ta daidai. Yana gama aikinsa ya ja kujera gindin darbejiya, yana fifita da littafin rajista. Wanzami ba ya son jarfa!

Za su ce tsafta ce, ana gudun kwarkwata da makero. To, sabulu ya ƙare a kasuwa ne? Kuma almakashi ɗaya da ya ratsa kawunan aji guda ba a ko goge shi ba, shi ne maganin makero ko dillalinsa? Ban ma zo kan yara zabiya ba, waɗanda rana ke ƙona musu fata har ta kai ga ciwon daji, su ma layi ɗaya, doka ɗaya.

Ba cewa na yi a bar yara su tara gizo ba. A rage, a wanke, a taje. In kuwa dole sai an aske, a ƙyale su su sa hula, a daina horo a cikin rana. Malam, in ka ƙi wannan, gobe ka cire taka hular, ka fito filin ka tsaya tare da su har a buga ƙararrawa.