Annoba Ta Wuce, Ƙaiƙayi Ya Saura

Ina so in yi magana a kan wani al'amari wanda mu ke rainawa, alhali kuwa yana cin yaranmu a ɓoye, watau ciwon fata. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya auku a makarantata zamanin annobar korona, wanda har yau nauyinsa bai sauka daga zuciyata ba.

Kowa ya san yadda aka yi. Cutar ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen shekarar 2019, aka same ta a Ikko ran 27 ga Fabrairu 2020, ta shigo Kano cikin Afrilu ana gab da azumin 1441. Aka rufe kasuwanni da makarantu, aka hana fita, gwamnonin Arewa suka shiga mai da almajirai garuruwan iyayensu. Hankalin duniya duka ya koma kan tari da zazzaɓi da sarƙewar numfashi. Ban ga laifin wannan ba, gama ran da gobara ta kama ba a tsayawa share tsakar gida. Amma lalle fata ta sha wuya a wannan zamani, kuma wahalarta kashi uku ce.

Kashi na farko shi ne wanda cutar kanta ta kawo. Likitoci a ƙasashe da yawa sun ga masu korona da ƙuraje irin na ƙyanda, waɗansu jikinsu ya yi ruɗu-ruɗu da ƙaiƙayi, waɗansu kuma, galibi yara da samari, yatsun ƙafarsu suka kumbura suka sauya launi. Akwai kuma waɗanda gashin kansu ya dinga zuba bayan wata 2 ko 3 da warkewa daga zazzaɓin, sa'an nan ya sake tsirowa da kansa. Abin lura a nan shi ne, hotunan da ke cikin littattafan likitoci galibinsu na farar fata ne, inda ciwo kan fito ja. A jikin baƙin mutum kuwa sai ya fito duhu-duhu, mai duba da gaggawa ya wuce bai gani ba.

Kashi na biyu shi ne wanda rigakafi ya kawo. An umurce mu da yawan wanke hannu da sabulu, umurnin kuwa daidai ne. Sai dai sabulu yana tafiya da maiƙon da ke tsare fata, balle wanda ya yi amfani da garin sabulun wanki. Da hunturu ya kama a ƙarshen 2020, cutar kuma ta sake tasowa, na ga gardawa hannuwansu sun tsattsage har ruwan alwala yana yi musu zafi. Maganin wannan yana kusa: a tsane hannu sarai bayan wanki, a shafa man kaɗanya ko basilin. Haka kuma takunkumin fuska, in ya jiƙe da gumi ba a wanke ba, ya kan jawo ƙurajen fuska.

Kashi na uku shi ne wanda sakaci ya kawo, shi ne kuwa mafi girma, a kansa na ke so in tsaya. Asibitoci da yawa sun rage ganin marasa lafiya sai na gaggawa, jama'a kuma suka ji tsoron zuwa don kada a ce korona ce a killace su. Likitocin fata da ma kaɗan ne a ƙasarmu, akasarinsu kuma a manyan asibitocin koyarwa su ke. Saboda haka kowa ya zama likitan kansa, ni ma ina ciki.

Yara 9 suka rage a hannuna, waɗanda ba a sami hanyar kai su gida ba. Da can su kan watsu cikin gari da rana, su kwana a fili lokacin bazara, amma hana fita ta tara su a zaure guda dare da rana. Ɗayansu ya fara susa, na duba tsakanin yatsunsa na ce ƙazuwa ce, gadon almajiri, za ta wuce. Na aika kemis aka sayo wani man shafawa wanda a ke cewa mai aiki uku. Ƙaiƙayin ya lafa 'yan kwanaki, ya dawo da ƙarfi. Kafin wata 2 duk taran sun kamu, har ta shiga cikin gidana. Ƙaraminsu, wani ƙolo ɗan shekara 7, ya sosa har ƙurajen suka yi ruwa suka tara mugunya. Wata safiya ya tashi fuskarsa a kumbure, fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi. Ran nan tsoron asibiti ya fita daga raina, na ɗauke shi muka tafi. Likita ya ce ciwon ya taɓa ƙoda. Ya tambaye ni tun yaushe yaron ya ke susa, na rasa bakin amsa don kunya. Allah ya tashi kafaɗar yaron, amma da ya tafi, me zan gaya wa uban da ya damƙa mini shi?

Ga abin da na koya daga baya, ina roƙon 'yan'uwana malamai su riƙe. Ƙazuwa wata 'yar ƙwaro ce wadda da ƙyar ido ke ganinta. Macen ta kan haƙa rami a cikin fata ta zuba ƙwai 2 ko 3 kowace rana, su ƙyanƙyashe bayan kwana 3 ko 4. Tana bin cuɗanyar jiki da jiki, da kwana a shimfiɗa ɗaya. Wanda ya kamu da ita karon farko ya kan yi mako 4 zuwa 6 bai fara susa ba, alhali yana ba waɗansu. Wannan ya sa in an yi wa yaro ɗaya magani aka bar abokan kwanansa, an yi aikin banza. Wanka da sabulu ba ya kashe ta, don haka kada a ce ƙazanta ce kurum. Sa'an nan raunin da susa ta buɗe ƙofa ce ga waɗansu ƙwayoyin cuta masu iya lalata ƙoda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su a 2017, ta kuma ƙiyasta cewa masu fama da ita a lokaci guda sun kai mutum miliyan 200.

Maganinta sananne ne. Akwai man da a ke kira famitirin, a shafe jiki duka daga wuya zuwa tafin ƙafa, a kwana da shi, a wanke da safe, a maimaita bayan kwana 7. Akwai man farar wuta, wanda kakanninmu ma suka sani, a shafa dare 3 a jere. Akwai kuma ƙwayar aibamaktin, wadda aka yi ta yayatawa wai tana maganin korona, manyan gwaje-gwaje suka nuna ba ta yi. Ƙazuwa kam tana kashe ta, amma da izinin likita, ba a kuwa ba mai ciki ko yaron da bai kai kilo 15 ba. Tufafi da shimfiɗu a wanke da ruwan zafi a shanya a rana, abin da ba ya wankuwa a ɗaure a leda aƙalla kwana 3. Ƙaiƙayi ya kan saura har mako 2 zuwa 4 bayan ƙwarin sun mutu, kada wannan ya ruɗi kowa.

Wani zai ce, Malam, ka girmama ƙaramin abu, ina ƙaiƙayi ina annobar da ta kashe miliyoyi? Amsata ita ce, sakacin da ya bar ƙazuwa shi ne ya bar abin da ya fi ta. A 2020 adadin sababbin masu kuturta da aka gano a duniya ya ragu da fiye da sulusi bisa ga na 2019, domin an daina duba mutane. Farkon kuturta kuwa tabo ne mai haske a fata, wanda in an taɓa shi mutum ba ya ji. Maganinta kyauta ne, na wata 6 ko 12, amma yatsan da ya riga ya lalace ba ya dawowa.

To, ya ku malamai, ranar Alhamis da yara ke wanki mu mai da ita ranar dubawa. A duba tsakanin yatsu da wuyan hannu da hammata da ƙugu. A duba kai saboda makero, wanda ke bin askar wanzami da hular aro, shafawa kaɗai kuma ba ta warkar da shi sai da maganin sha na makonni. In asibiti ya yi nisa, a ɗauki hoton ciwon da waya cikin hasken rana a aika wa ma'aikacin lafiya, dabarar da likitoci suka yawaita aiki da ita zamanin hana fita.

Ku kuma 'yan kasuwa, musamman masu sai da magani, man nan mai aiki uku yana ɗauke da wani sinadari wanda likitoci ke kira sitiroyid. Shi yana kwantar da ƙaiƙayi ne ya bar ƙwaron da rai, ya ɓoye makero yana yaɗuwa, in an daɗe a kansa ya sirantar da fata. Wanda ya miƙa shi ga duk mai susa ba tare da ya ga ciwon ba, ya ci riba kaɗan ya ɗauki alhaki mai yawa. Masu hali kuma da ke kawo wa makarantu sadakar hatsi, su haɗa da tabarmi da sabulu, don raba shimfiɗar yara rabin magani ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matsayin gaggawa na korona ran 5 ga Mayu 2023. Zaurukanmu kuwa suna nan yadda su ke, yaran kuma amana ne a wuyanmu, za a tambaye mu jikinsu kamar yadda za a tambaye mu karatunsu. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya kiyashe mu da gafala. Haza wassalam.