Kayan Nok: Gumaka Ne Ko Shaidar Tarihi?

Duk sa'ad da aka ta da zancen mutum-mutumin Nok a ɗakin kwanan ɗalibai, ba a rasa wanda zai kaɗa hannu ya ce, "Ku rabu da mu da zancen gumaka." Da wannan kalma guda sai magana ta mutu, a koma hirar ƙwallo. Mu kuwa muna ganin magana ce da ta cancanci a zauna a kanta, domin kuwa yayin da ake kaɗa hannu a nan, a can Turai ana kaɗa ƙararrawar gwanjo a kan waɗannan kaya.

Bari mu fara da yadda abin ya fito fili. A shekarar 1928 masu haƙar kuza a kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yau, suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu. Ba wanda ya san darajarsa a lokacin. Sai wajen shekara goma sha biyar bayan haka aka kai wa wani Bature ma'aikacin gwamnati, Bernard Fagg, wani kan daga yankin Jama'a. Wanda ya tsince shi kafa shi ya yi a gonar doya don korar ɓarna, watau ya mai da shi mutum-mutumi na sosai. Fagg ya lura kawunan nan biyu salon hannu ɗaya ne, ya shiga bin ramukan kuza yana tattara irinsu. Da su aka kafa harsashin gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952. Tun daga 2005 kuma masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt, tare da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, suka yi shekaru suna tono a yankin. Bincikensu ya nuna mutanen Nok sun zauna a nan tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, sun kuma fara ginin mutum-mutumin wajen shekara 900 kafin haihuwarsa.

To, yaya aka yi su? A nan ne ya kamata mai raina su ya ɗan dakata. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin maginan tukwane ya san gasa yumɓu ba wasa ba ne. In jikin ya yi kauri, ko iska ta maƙale a ciki, da wuta ta kama sai ya tarwatse. Maginin Nok ya san wannan sarai. Yakan cuɗa yumɓunsa da tsakuwa don ya jure wuta, ya murza shi kamar igiya, ya riƙa ɗora wani bisa wani yana shafewa, cikin a rarake kamar tulu. Sa'an nan ya fitar da ido mai kusurwa uku, ya huda ƙwayarsa, ya huda hanci da kunne da baki. Hujin nan ado ne ga mai kallo, amma kuma ta nan tururi ke fita lokacin gashi. Kitso, da tsakiya a wuya, da awarwaro a hannu, duk an zana su dalla-dalla, har mutum zai iya faɗin irin gyaran gashin da ake yayi a ƙasar nan shekara fiye da dubu biyu da suka wuce. Waɗansu kawunan sun kusa girman kan mutum, ga shi kuwa a fili aka gasa su, da itace da ciyawa. Mutanen nan dai su ne aka sami murhunan narka tama nasu a Taruga.

Can kudu kuma wata dabara ce ta bunƙasa, ta zubin tagulla da kakin zuma. Maƙeri zai gina siffa da yumɓu, ya lulluɓe ta da kaki, ya sassaƙa duk abin da yake so a jikin kakin, sa'an nan ya sake rufewa da yumɓu ya bar 'yan ƙofofi. In ya ɗora a wuta kakin zai narke ya tsiyaye, sai ya ɗura narkakken ƙarfe a gurbinsa. Bayan ya huce dole a fasa kwanson kafin a ga abin da ya fito. Saboda haka ba gyara, ba maimaici. In hannu ya kuskure, aikin watanni ya tafi. Da wannan hanya aka zuba kayan Igbo-Ukwu tun ƙarni na 9 zuwa na 10, da kawunan Ife, da allunan fadar Benin. Sa'ad da Bajamushe Leo Frobenius ya ga kan Ife a 1910, ƙyashi ya hana shi yarda baƙar fata ne ya yi, har ya ƙago cewa aikin mutanen wata ɓatacciyar ƙasa ce mai suna Atlantis.

Yanzu mu dawo kan kalmar gunki. Ba ma jayayya da malamai a kan hukuncin sassaƙa surar mai rai. Wannan fage nasu ne, kuma ba wanda ya ce wani ya girke mutum-mutumi a ɗakinsa. Tambayarmu dabam ce. Abin da aka riga aka yi tun ƙarnoni kafin saukar Alƙur'ani, wanda ba mai yi masa sujada a yau, me ya kamata a yi da shi in garma ta tono shi? Misira ƙasar Azhar ce, amma ba ta bar kayan Fir'aunoni a hannun masu fasa-ƙwauri ba. Ta kafa musu doka da gidaje da masu gadi. Ajiye shaida dabam, bauta dabam. Mutanen Nok ba su bar mana rubutu ko layi ɗaya ba. Abin da muka sani game da su daga ƙasa ya fito: ƙwayoyin gero da wake da suka ƙone, da ragowar kakin zuma da aka gano a jikin tukwanensu. Ashe cimar da ke cikin akushinmu ta daɗe a wannan ƙasa.

Abin baƙin ciki shi ne yawancin wannan shaida an riga an lalata ta. A cikin shekarun 1990 dillalai suka bazu a ƙauyuka suna ba talakawa 'yan kuɗi kaɗan su yi ta tono ba dare ba rana. Mai tono kai kawai yake nema. Gawayin da ke gefensa, wanda da shi ake auna shekaru, da tsingaron tukunya, da yadda aka binne abin, duk sai ya watsar da shebur. Kan da ya isa kantin Faris a haka ya zama kurma, ba ya iya faɗin kome game da masu shi. Har ta kai a shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Nok da na Sakkwato da na Katsina cikin jerin kayan da ake gargaɗin kada a saya. I, Sakkwato da Katsina. Su ma an tono irin waɗannan gine-ginen yumɓu a ƙasarsu, kuma yawancinsu ta hannun ɓarayi suka fita. Manomin da ya sayar ba ma ganin laifinsa kamar na jami'in da ya sa hannu ko ya kau da kai a kan iyaka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mutanen Benin sun nuna abin da naci ke yi. Sojojin Ingila sun kwashe fadarsu a 1897, suka kore Oba Ovonramwen zuwa Kalaba. A bikin FESTAC na 1977 ko aron fuskar hauren giwa ta Sarauniya Idia ba a samu daga Landan ba, sai kwaikwayonta aka sassaƙa. Amma ba su yi shiru ba. A 2022 Jamus ta sa hannu ta miƙa mallakar kaya fiye da 1,100, a 2025 kuma Holan ta mayar da 119. Benin tana da sarki mai magana da yawunta, tana da maƙeran unguwar Igun da har yau suke zubi. Nok fa, wa ke yi mata magana?

Ga wata dama nan tafe. A shekarar 2000 aka baje kayan Nok a gidan tarihi na Louvre, bayan gwamnatin Faransa ta saye su daga hannun dillali, alhali dokarmu ta hana fitar da su. Da surutu ya yi yawa, a 2002 aka daidaita: Faransa ta amince guda uku, biyu na Nok ɗaya na Sakkwato, mallakar Nijeriya ne, Nijeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25, da damar sabuntawa. Lissafi ya nuna wa'adin yana cika a 2027. Waɗanda za su rubuta takardar shawara a ma'aikata, a sabunta ko kada a sabunta, ƙananan ma'aikata ne irin masu karanta wannan mujalla. Muna kira ga ƙungiyar ɗalibai ta rubuta wa hukumar gidajen tarihi ta tambayi matsayinta a kan wannan aro, ta buga amsar a nan kowa ya gani, ta kuma nemi mota ta kai 'yan ajin farko Jos su ga kayan Nok da idonsu.